Warin Gaba: Ba Kullum Ƙazanta Ce Ke Kawo Shi Ba

Mace kan daɗe tana fama da warin gaba kafin ta iya furta shi ga wani. Ko ta je asibiti, yawanci sai ta ce sanyi ke damunta, alhali ta riga ta sha ƙwayoyi daga kemis, ta yi tsarki da bagaruwa, ta shafa miski, ta zauna kan turaren tsuguno. Abin tausayi shi ne, sau da yawa wannan ƙoƙarin nata na gyara shi ke ƙara rura matsalar.

Gaban mace lafiyayya yana da mazauna. Ƙwayoyin halitta ne masu amfani da ake kira Lactobacillus, dangin waɗanda ke mayar da madara kindirmo. Su ke sa wurin ya yi ɗan tsami, tsakanin 3.8 da 4.5 a ma'aunin pH, kuma tsamin nan ne ke hana miyagun ƙwayoyi yaɗuwa. Saboda haka ɗan farin ruwa mara ƙaiƙayi, mai ɗan ƙanshin tsami, alamar lafiya ce. Idan aka kwarara sabulu, Dettol ko ruwan alif a ciki, ko aka cusa kayan matsi, masu gadin ne ke fara mutuwa, sai wasu irin su Gardnerella su mamaye wurin. Daga nan ruwa mai launin toka ya fara fita, da ƙarni irin na kifi. Ƙarnin kan tsananta bayan saduwa ko lokacin al'ada, domin maniyyi da jini duk suna rage tsamin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 23 zuwa 29 cikin ɗari na matan da ke shekarun haihuwa suna ɗauke da wannan larura. Ba a zaman masai ake ɗaukar ta ba, duk da yadda wannan magana ta kama bakin mutane.

Maganinta sananne ne, wato metronidazole, wanda aka fi sani da Flagyl, na tsawon kwana 7 bisa umarnin likita. Sai dai tana yawan dawowa. A 2025 masu bincike a Ostireliya sun gano cewa idan aka yi wa miji magani tare da matarsa, dawowar cutar cikin mako 12 na raguwa daga kashi 63 zuwa 35.

Akwai kuma Trichomonas, wadda ta hanyar saduwa ake ɗaukar ta. Ruwanta kore-kore ne ko ɗorawa, mai kumfa da wari, ga zafin fitsari. Namiji kan ɗauke ta ba tare da ya ji komai ba. A gidan da ke da mata biyu ko uku, in aka yi wa uwargida magani aka bar maigida da amarya, cutar zagayawa kawai za ta riƙa yi, kuma rashin adalci ne a ɗora wa mace ɗaya laifin rashin tsafta. Ita kuwa Candida, mai kawo ƙaiƙayi da farin ruwa mai kauri, ba ta cika yin wari ba, kuma Flagyl ba ya kashe ta. Shi ya sa gwajin ruwan a asibiti ya fi sayen magani da ka.

Wani warin kuma ba a jinkiri da shi. Ƙunzugu ko audugar da aka manta a ciki kan yi ɗoyi mai tsanani. Mai jego da jinin biƙinta ya yi wari ga zazzaɓi, asibiti za a kai ta a ranar. Zarnin fitsarin da ba ya tsayawa bayan doguwar naƙuda alamar yoyon fitsari ce, kuma ana ɗinke shi a cibiyoyi irin su Babbar Ruga a Katsina. Wari tare da zubar jini bayan saduwa, ko bayan mace ta daina al'ada, na iya zama sankarar bakin mahaifa, cutar da Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafinta a Oktoban 2023.

Abin da likitocin mata ke nema ga mai lafiya bai da yawa: tsarki da ruwa zalla daga waje, daga gaba zuwa baya, kamfai na auduga da ya bushe sarai a rana, da sauya audugar al'ada bayan 'yan sa'o'i. Mai juna biyu da ta ji ƙarni kuwa ta faɗa wa ungozoma a wurin awo, domin larurar da ke kawo ƙarnin na iya jawo haihuwar bakwaini.