Dogon Ƙarfe Ba Ya Haifar da Sabis

Duk wanda ya san Dole Kaina da garuruwan bakin Kogin Kwara, daga Lolo zuwa Illo, ya san wahalar sabis. Kana tsaye a ƙasar Najeriya, sai wayarka ta kama layin Benin ko na Nijar, ko ta yi ɗif, mai POS na ta girgiza na'ura, kuɗin mutane a maƙale. Wannan wahala ce ta haifar da maganar da ke yawo a majalisu da shagunan caji, wai in ka kafa doguwar gora ka ɗaura mata ƙarfe, ko ka sayo na'urar da ake kira busta, sabis zai zo ko da babu shi. Har da masu liƙa 'yar takarda mai ƙyalli a bayan waya. Na gaji da jin wannan zance, domin asarar kuɗi ce, wani lokacin har da kasada da rai.

Eriya ba ta ƙirƙirar sabis, abin da ke cikin iska take tattarawa. Dubi tocila: batir ɗaya ne, ƙwai ɗaya ne, amma madubin da ke bayan ƙwan ya hana hasken watsewa, ya tura shi gaba, sai ya kai nesa. Haka eriya mai kyau take, tana toshe kunne ga sauran kusurwoyi don ta ji sashe guda sosai. Kuma aikin na awo ne, girman ƙarfe bai shigo ciki ba. Igiyar sabis ta megahaz 900 tsawonta kusan santimita 33 ne, saboda haka sandar da za ta kama ta da kyau rabin haka take, wajen santimita 16. A megahaz 1800 awon ya sake rabewa biyu. Eriyar nan mai kama da ƙayar kifi da ke kan rufin masu talabijin, wadda Shintaro Uda da Hidetsugu Yagi suka fito da ita a Japan a 1926, sirrinta ke nan: sandar baya ta ɗan fi tsawo, na gaba suna ɗan raguwa, tazara a ƙididdige. Masu sha'awar rediyo, waɗanda a Najeriya lambar kiransu ke farawa da 5N, har yau da hannu suke haɗa irinta, amma da ma'auni da lissafi.

Wani zai ce ai ya gani da idonsa, an ɗaga gora kuma sabis ya zo. Ban ƙaryata shi ba, sai dai tsayin ne ya yi aikin. Igiyoyin nan kusan a miƙe suke tafiya, bishiya da gini da tudu suna tare su, doron ƙasa ma yana lanƙwashewa. Wayar da ke hannu tana hango kimanin kilomita 5 a fili, wadda aka ɗaga mita 10 kuwa tana hango wajen 13, kafin a ƙara nisan da ƙarfen sabis na kamfani ke hangowa. Shi ya sa sabis ɗin Gaya ta Nijar da Malanbil ta Benin ke ratso shimfiɗar ruwa cikin sauƙi. Wani kuma zai kawo labarin Ermanno Pietrosemoli na Benezuwela, wanda a 2006 ya haɗa Wi-Fi a nisan kilomita 279 da tsofaffin farantan setalait, a 2007 ya kai 382. Gaskiya ne, amma daga kan duwatsu ya yi, eriya biyu suna kallon juna, duka ɓangarorin a hannunsa. Kai kuwa ƙarfen sabis ba naka ba ne, kuma tsarin GSM na yau da kullum ba ya karɓar wayar da ta wuce kilomita 35.

Busta ita ce ta fi ɓata mini rai. Mai arha duk abin da ta tsinta take ƙarfafawa, har da hayaniya, in kuma eriyarta ta ciki da ta waje suka ji juna, sai ta dinga maimaita kanta tana cika ƙarfen sabis da shirme. Gida ɗaya ya samu sandar sabis biyu a waya, unguwa ta rasa kira. Wannan cutar da maƙwabci ce, kuma hukumar NCC ta sha gargaɗin cewa kafa ta ba tare da izini ba laifi ne. Ƙarancin ƙarafan sabis da rashin man janareta su ma suna cikin matsalar, amma waɗannan na kamfanoni ne.

To me ya kamata a yi? A fara da abin da ba ya cin ko sisi: a shiga saitin waya a zaɓi kamfanin Najeriya da hannu, don kada ta tsallaka iyaka ta cinye kuɗi. Wayoyin zamani ba su da kafar jona eriya, don haka nannaɗa musu waya aikin banza ne. Mai shago ko mai POS ya nemi rawuta mai ɗaukar layi wadda ke da kafar eriyar waje, ya kai wa mai gyaran rediyo ya yanka masa sandunan eriya bisa awon da kamfaninsa ke aiki da shi a wurin. A tsayar da sandunan a tsaye, a juya eriyar sannu a hankali, ana dakatawa ana duba ƙarfin sabis, har a dace da ƙarfen da ake nema. Kebul ya zama gajere, domin dogo mai arha yana shanye ribar da eriya ta samo. Gara a hau da rawutar kusa da ita cikin akwatin roba, Wi-Fi ya sauko ƙasa. A nisanci wayar lantarki, ta yadda ko gorar ta faɗi ba za ta taɓa ta ba. A ja waya mai kauri daga eriyar zuwa sandar ƙarfe da aka binne a ƙasa, da damina kuma hadari na tasowa a cire kebul saboda tsawa. In ƙarfen sabis na gari ya daɗe a mace, a kai ƙara wurin kamfanin, in sun yi kunnen uwar shegu a kira NCC a 622, kiran kyauta ne.