Dattijon da Ya Kammala Jami'a Yana da Shekara 99

A shekarar 2010 wani dattijo mai suna Akasease Kofi Boakye Yiadom ya kammala karatu a sashen kasuwanci na jami'ar Presbyterian ta Ghana, wadda babban mazauninta ke Abetifi, can kan duwatsun Kwahu, tsakanin Kumasi da Akra. Shekarunsa 99 a lokacin. Ya shiga aji yana da 96, ya zauna cikin samari da 'yan matan da ya yi jika da su, ya bi darussa har ƙarshe.

An haife shi tun ƙasar na hannun Turawan Ingila ana kiranta Gold Coast. Ya yi soja a Yaƙin Duniya na Biyu, ya kuma yi aikin malanta. Ranar da Ghana ta sami 'yancin kai a 1957, ya riga ya haura arba'in. Ita kanta jami'ar a 2003 aka kafa ta, wato ya girme ta da shekara casa'in da 'yan kai. Da 'yan jaridar CNN suka same shi, abin da ya nuna musu shi ne ilimi ba shi da iyaka, muddin ƙwaƙwalwa na aiki, ido na gani, kunne na ji. Ya kuma roƙi abokan karatunsa kada albashin ƙasashen waje ya ɗauke musu hankali, su tsaya su yi wa ƙasar da ta ilimantar da su aiki.

Wannan roƙon ya fi shekarun nasa taɓa ni, domin a Zangon Kumasi akwai waɗanda suka daɗe da tsayawa. Ina nufin malamai mata masu riƙe da azuzuwan ƙananan yara a Aboabo, Asawase da Sabon Zango. Tun da aka kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta Ghana a 1987, makarantun unguwa da dama suka haɗa Arabiyya da boko. A 2007, kusan daidai lokacin da Akasease ke shiga jami'a, gwamnati ta mayar da shekara biyu na KG, na 'yan shekara huɗu da biyar, cikin karatun tushe. Yara suka cika azuzuwa. Da yawa cikin matan da suka karɓe su ba su da takardar malanta, sai haƙuri da sanin gidan kowane yaro.

Duk wanda ya leƙa irin wannan aji da safe ya san nauyin aikin. Wannan na kuka don uwarsa ta wuce kasuwar Kejetia, wancan ya zubar da kokonsa a riga, ga wani bai karya ba sai malama ta saya masa ƙosai da kuɗin aljihunta. Ita ce mai share majina, mai raba faɗa, mai kama hannun yaro ya zana alif da A. Yaro ya zo da Hausa ko Twi ko Dagbani, a bakinta zai fara jin Turanci.

Sai ga doka ta ƙara matsawa. Daga 2018 kwalejojin ilimi suka koma ba da digiri na shekara huɗu, aka kuma fara jarabawar lasisin koyarwa. Matar da ta yi shekaru a aji dole ta nemi takarda ko ta zauna ba ƙarin girma. Jami'o'in Winneba da Cape Coast suna da karatu daga nesa, da cibiyoyi a Kumasi, kuma wanda ya kai shekara 25 yana iya shiga ta jarabawar manya. Don haka ranar Asabar, sa'ad da wasu ke shirin suna ko biki, za ka ga uwa mai 'ya'ya, wata ma da jikoki, ta rataya jakar littattafai ta hau motar trotro zuwa cibiyar karatu. Da dare bayan tuwo da wanke-wanke take buɗe littafi. Kuɗin makaranta kuwa daga ɗan albashi ne da adashi, wani lokaci da taimakon miji ko 'yan'uwa.

Akasease ya yi karatunsa bayan ya ajiye aiki, duniya kuma ta yaba masa, ya cancanta. Su waɗannan matan suna yin nasu ne aiki na kansu, ba kuma ɗan jaridar da ke zuwa ɗaukar hotonsu. Litinin da sassafe suna bakin ƙofar aji suna karɓar yara daga hannun iyaye.