Juyen baƙin mai

Juyen baƙin mai, wanda direbobi ke taƙaitawa da juye ko sabis, shi ne zubar da tsohon man da ke cikin injin mota a maye gurbinsa da sabo, tare da canza filtar da ke tace shi. Galibi bakanike ne ke yin aikin a gareji, amma mai mota zai iya yi a gida idan yana da kayan aiki.

Amfanin baƙin mai

Baƙin mai yana shiga tsakanin ƙarafan inji domin kada su goga juna. Yana kuma rage zafi, yana hana tsatsa, yana kwashe datti ya kai wa filta. Idan ya daɗe, zafi da hayaƙi da ɓurɓushin ƙarfe suna lalata shi, har ya yi dasƙari ya toshe hanyoyinsa. Daga nan ne inji ke bugawa, kuma gyaransa ya ninka kuɗin juye sau da yawa.

Lokacin juye

Littafin da kamfani ya haɗo da mota shi ne ma'auni na farko. A bisa al'ada ana canza man gama-gari bayan kimanin kilomita 5,000, shi kuwa man sintetik yakan kai kilomita 10,000 ko fiye. Ko mota ba ta yawo, ana so a canza aƙalla sau ɗaya a shekara.

Kamfanonin mota suna lissafa ƙura, zafi, lodi mai nauyi da gajerun tafiye-tafiye cikin yanayin da ke gajarta wannan wa'adi. Motar da ke bin hanyoyin ƙasa na karkarar gabashin Kano, kamar yankin Balan a ƙaramar hukumar Gaya da ƙauyukan Ajingi, tana haɗuwa da yawancinsu, musamman lokacin hunturu. Saboda haka juyenta ya kamata ya riga na motar da ke kan kwalta, a kuma duba filtar iska a lokaci guda.

Baƙin da mai ya yi ba shi ne alamar ya gama aiki ba, domin man injin dizal yakan yi baƙi jim kaɗan bayan an zuba shi. Kilomita da watanni ake ƙirgawa.

Zaɓen mai

Lambobin da ke jikin galan, irin su 5W-30 da 20W-50, tsari ne na ƙungiyar injiniyoyin mota ta SAE, wadda aka kafa a Amurka a 1905. Lambar farko tana nuna gudun man a sanyi, ta biyu kuma kaurinsa idan inji ya yi zafi. Akwai kuma matakin inganci na API, kamar SN na 2010 da SP na 2020. Mai kauri ba shi ne mafi kyau ga kowane inji ba: sababbin injina suna da matsattsun hanyoyi da aka tsara wa mai marar kauri. Jabun mai matsala ce a kasuwannin Najeriya, kuma hukumar SON ce ke sa ido kan ingancinsa. Galan mai hatimi ya fi man awo aminci.

Yadda ake yi

Ana buƙatar sabon mai, filta, sifana, mazurari, tsumma da kwanon tara. Ƙaramar mota takan ci lita 3.5 zuwa 5.

1. A tayar da inji na ƴan mintuna domin man ya saki, sannan a kashe.
2. A tsayar da mota a wuri shimfiɗaɗɗe mai tauri, a ja birkin hannu, a tokare tayoyi.
3. A kwance notin da ke ƙasan inji, a bar man ya tsiyaye cikin kwano.
4. A cire tsohuwar filta, a tabbatar robarta ta fito tare da ita. A shafa sabon mai a robar sabuwar, a ɗaura da hannu.
5. A mayar da notin da sabuwar washa, ba tare da matsewa fiye da kima ba.
6. A zuba sabon mai, a tayar da inji, a ga fitilar mai ta mutu, a duba yoyo.
7. A kashe, a jira mintuna kaɗan, a duba geji. Man ya tsaya tsakanin layuka biyu, domin idan ya yi yawa yakan yi kumfa.

Haɗari

Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, musamman a kan rairayi inda jak ke nutsewa. Sai an tallafe ta da ƙafafun ƙarfe. Mai da ya fito daga inji mai zafi yana ƙona fata.

Tsohon mai

Tsohon mai yana ɗauke da sinadarai masu guba, kuma yawan taɓa shi da fata na da alaƙa da cutar daji. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa man juye ɗaya zai iya gurɓata galan miliyan ɗaya na ruwan sha. Wannan babban abu ne a garuruwan da suka dogara da rijiya. Wasu suna shafa shi a katako saboda gara, wasu su zuba a kwata ko masai, daga can kuma ya tsiyaya cikin ƙasa. Abin da ya dace shi ne a juye shi a galan, a rufe, a kai gareji ko wurin masu tara shi.