Shirin Musamman: Wa Aka Gina Wa Famfon Unguwa?

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

MAI GABATARWA: Yau za mu leƙa bakin famfo.

Idan bazara ta kankama a Kano, zafi kan haura maki 40 a watan Afrilu, rijiyoyi su janye. Ga madatsar ruwa ta Tiga tun 1974, ga ta Challawa, amma a unguwanni da dama ka murɗa famfo sai iska. Mai hali ya kira ɗan garuwa ya juye masa kura guda. Marar hali kuwa, matarsa tana cikin gida ba ta fita, sai a tashi yarinya tun asuba a miƙa mata jarka. Lita 25 nauyin kilo 25 ke nan, a kan 'yar shekara goma. Kafin layi ya zo kanta an shiga aji. A ƙauye uwa da 'ya ne suke tafiya tare.

Wannan kowa na gani. Akwai wanda ba a gani, domin bai ma zo layin ba.

(KIƊA)

A watan Agustan 2020 aka tabbatar Najeriya ta rabu da ƙwayar cutar shan inna ta asali. Alhamdulillahi. Sai dai waɗanda cutar ta riga ta taɓa suna nan tare da mu, wasu a keken guragu, wasu suna rarrafe da silifa a hannu. Ku dubi yadda muke gina famfon tuƙa-tuƙa: dakalin siminti mai tudu, taɓo ya kewaye shi, hannun famfon sai mai ƙarfin ƙwanji da ke tsaye. Yarinyar da ke tafiya da hannuwanta ta ina za ta hau? In ta hau, da me za ta riƙo bokiti? Da hannun nan take shiga makewayi, da shi take cin tuwo. Ita ce ta fi kowa buƙatar ruwa da sabulu a gidan, ita ce kuma sai ta jira an sam mata. Ranar da ta fara al'ada, lamarin ya wuce a faɗa a rediyo.

Haka uwar yaron da larurar ƙwaƙwalwa ta hana shi riƙe fitsari da bayan gida. Wanki ba ya yanke mata, ba ta kuma iya barinsa ta tafi ɗiban ruwa, saboda haka yayarsa ce makarantarta ke lalacewa. Ga amosanin ido, wanda rashin wanke fuska ke taimaka wa yaɗuwa, mata kuma suka fi makancewa da shi saboda su ne ke ɗawainiya da yara. Wato rashin ruwan da kansa yana haifar da sabuwar naƙasa.

Doka fa akwai. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana wariya ga masu naƙasa, aka ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga. Wa'adin ya cika tun 2024. A ganinmu famfon unguwa ya fi kowane ofis cancantar wannan gyara, ga shi ba tsada: gangaren siminti maimakon matakala, ƙarfen dafawa, magudana mai janye taɓo, da kan famfo ɗaya ƙasa-ƙasa.

Don haka, ranka ya daɗe mai unguwa, malam liman, da kai Alhaji mai niyyar haƙa rijiyar burtsatse sadaka: kafin magini ya kwaɓa siminti, a kira masu naƙasa na unguwar da iyayensu mata, su nuna inda za a sa gangaren. Ku kuma masu layi, ku ba su gaba.

Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.