Kakkarwar Tsohuwar Mota a Tsaye: Yadda Ake Gano Asalinta



Gabatarwa

Mai yiwuwa wani ya yi mamakin abin da ya haɗa malamin Hausa da cikin inji. Amsa ita ce, duk ilmin da jama'a ke rayuwa da shi, wajibi ne a iya bayyana shi da harshensu, kuma a yau babu ilmin da ya shafi aljihun talaka da na ma'aikaci kamar na gyaran mota. Zan taƙaita maganata a kan larura guda ɗaya, watau kakkarwar da tsohuwar mota kan yi sa'ad da take tsaye, injinta yana aiki a hankali, yanayin da kanikawa ke kira silo. Zan kuma ɗauko misalaina daga karkarar arewacin Kano, ƙasashen Dawakin Tofa da Bichi da Bagwai da Kunchi da Makoɗa da Ɗambatta.

Wannan yanki yana cikin ƙasar da masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazari a kanta tun daga shekarun 1960, saboda yawan jama'arta da yadda gona ke manne da gona, ba a barin saura. A da jaki ne ke kai itace birni ya komo da taki. Yanzu yawancin wannan aiki ya koma kan tsofaffin motoci: a-kori-kura, da Peugeot 504 wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1968, aka kuma yi ta haɗa ta a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975, da kuma Golf 'yan gwanjo. Su ke kai hatsi Dawanau, su kwaso tumatir daga fadamun Watari, su kai mutane kasuwar Ɗambatta ran Lahadi, su ɗauki mai naƙuda da tsakar dare. Idan irin wannan mota ta mutu a hanya, tumatir ya ruɓe, wani lokaci ma har rai ya salwanta.

Yadda inji ke aiki

Kowa a nan ya san lugude: mata huɗu a kan turmi ɗaya, kowace tana sauke taɓaryarta a kan lokacinta. Muddin kowace ta kiyaye, sautin yakan tafi sumul. Da zarar ɗaya ta yi fashi, ko makaho da ke wucewa zai ji an sami giɓi. To, haka injin mai silinda huɗu yake. Tsarinsa shi ne wanda Bajamushe Nikolaus Otto ya fito da shi a 1876: fistin ya sauka ya zuƙo iska da fetur, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da tartsatsi su kama, ƙarfin ya tura fistin ƙasa, sa'an nan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Silindojin ba sa bugawa tare, bi da bi suke yi: na 1, na 3, na 4, na 2.

A silo, inji yakan juya wajen sau 800 a minti guda. Da yake kowane silinda yana bugawa sau ɗaya ne a juyi biyu, kowanne yana da bugu 400, su huɗun kuwa 1,600. Idan ɗaya ya mutu, an rasa bugu 400 ke nan a kowane minti, giɓin nan kuwa shi ne kakkarwar da direba ke ji a sitiyari da kujera. Dalilin da ya sa aka fi jin ta a tsaye shi ne, a guje juyin yana da sauri, nauyin ƙarafan da ke juyawa yakan rufe giɓin.

Abubuwa uku kowane bugu ke bukata: wuta a kan lokacinta, da haɗin iska da mai daidai gwargwado, da matsi. Duk kakkarwar da ta fito daga cikin inji, ɗaya daga cikin ukun nan ne ya gaza. Saboda haka kakkarwa alama ce kurum, kamar zazzaɓi a jikin mutum, kuma aikin mai hankali shi ne ya bi sawun alamar har ya iske cutar, yana farawa daga abin da ba ya cin kuɗi kafin ya kai ga mai tsada.

Mataki na farko: tambaya da saurare

Kafin a ɗauki sifana, sai a tambaya: yaushe take yi? Idan sai an yi gudu sitiyari ke rawa, a dubi tayoyi. Idan sai an taka birki, a dubi birki. Idan sai lokacin tashi, a dubi kuloci. Wadda ta shafe mu ita ce wadda ke yi mota na tsaye, ba ta cikin giya. Sai a ƙara tambaya: da safe kaɗai take yi ko har bayan inji ya yi zafi? Ta fara ne bayan an sha mai a wani wuri, ko bayan an ratsa ruwa, ko bayan wani ya taɓa injin?

Sa'an nan a buɗe gaban mota a saurara. Idan sautin inji yana tafiya sumul amma jikin motar yana girgiza, galibi laifin robobin da inji ke zaune a kansu ne. Shekaru da baƙin mai da ke ɗiga a kansu da gargadar hanya sukan sa su tsage ko su lotse, sai ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. Idan kuwa sautin kansa ne ke tsalle, to laifin yana cikin bugu. A leƙa bakin salansa kuma: baƙin hayaƙi alamar mai ya yi yawa ne, mai shuɗi-shuɗi alamar inji na cin baƙin mai, fari mai kauri da ba ya yankewa bayan inji ya yi zafi kuwa alamar ruwa na shiga silinda.

Mataki na biyu: wuta

Hanya mafi sauƙi ta gano silindan da ya mutu ita ce a bar inji a silo, a riƙa zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya da filaya mai hannun roba, domin wutar wajen tana kai dubban bolt. Wayar da aka zare inji ya ƙara raunana, silindanta yana da rai. Wadda aka zare sauti bai canza ba, nan gawar take. Daga nan sai a musanya fuloginsa da na maƙwabcinsa. Idan cutar ta bi fulogi, an gama. Idan ba ta bi ba, a musanya waya. Idan har yanzu tana nan a silindan farko, to laifin ya fi ƙarfin wuta, sai a nufi iska ko matsi.

Fulogi kansa, wanda 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram ke kira buji, shaida ne wanda ba ya ƙarya. Bakinsa idan ya yi launin ƙasa-ƙasa, lafiya lau. Idan ya yi baƙi busasshe kamar kunkunniya, mai ya rinjayi iska. Idan baƙin yana da maiƙo, baƙin mai ne ke haurowa ta ringi ko ta wajen bawul. Idan ya yi fari fat, iska ta rinjayi mai, inji yana ƙuna. Idan kuwa ɗaya ya fita daban, tsaf kamar an wanke shi, a yi zargin ruwa.

Idan dukan silindojin ne suka yi rauni, ba ɗaya ba, sai a koma ga abin da suka yi tarayya a kansa. A 504 da sa'o'inta wannan shi ne kwantak da kwayil da murfin da ke raba wuta. Tazarar bakin kwantak wajen milimita 0.4 ce, tana kuwa raguwa da kanta yayin da ake tafiya, ta ja lokacin wuta baya. Wayoyin da suka tsufa kuma sukan zubar da wuta, musamman da damina. Wanda ya buɗe gaban mota da dare a wuri mai duhu yakan ga tartsatsin yana tsalle da idonsa.

Mataki na uku: iska da mai

Inji yana bukatar kilo 14.7 na iska ga kowane kilo guda na fetur. Ma'ana, lita ɗaya ta fetur tana tafiya da iska wajen lita 9,000. Ku dubi wannan adadi, sa'an nan ku tuna ƙurar hunturu da burtalin da ke tsakanin gonaki, za ku ga abin da matatar iska ke fama da shi a ƙasarmu. Idan ta toshe, mai ya yi yawa, fulogi ya yi baƙi. Wasu kan cire ta gaba ɗaya su jefar, alhali kuwa ƙurar da ta shiga silinda tana cin ringi kamar yadda yashi ke cin gindin tukunya.

Akwai kuma kishiyar wannan, watau iskar sata. A silo, ƙofar kafireta kusan a rufe take, inji yana zuƙa da ƙarfi, don haka ko ƙaramar tsaga a jikin tiyo, ko a gindin kafireta, ko a tiyon da ke zuwa birki, za ta shigo da iskar da ba a auna ba. Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga. Alamarta ita ce wani ɗan huci siriri, da kuma lafawar kakkarwa idan aka ɗan ja cok ko aka matse tiyon da ake zargi.

A nan zan ba da labarin abin da ya same ni. Ina da tsohuwar 504 da na gada, ta fara kakkarwa a kan hanyar Bichi zuwa Bagwai. Wani bakanike, ba tare da ya zare ko waya ɗaya ba, ya ce kafireta ce ta mutu. Na je Ƙofar Ruwa na sayo wata, aka ɗaura, kakkarwa ba ta fasa ba. Aka ce kwayil, na sayo. Daga baya wani dattijon bakanike a ƙauye ya kasa kunne kamar minti biyu, ya sa yatsa ya danne wani tiyo da bai fi tsawon taƙi ba, nan take inji ya daidaita. Kuɗin tiyon bai kai na abincin rana ba. Laifin kuwa har da nawa, domin ban tambayi na farkon dalilinsa ba.

Game da mai, ramin da fetur ke bi a silo, a cikin kafireta, faɗinsa wajen rabin milimita ne, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta toshe shi. A ƙauyukan da gidan mai ke da nisa, jama'a sun dogara ga 'yan bumburutu, jarka kuwa takan tara datti da ruwa. Gwajin ba shi da wuya: a zuba man a farar kwalba a ajiye, ruwa zai kwanta a ƙasa domin ya fi fetur nauyi. Kada kuma a ɗauka gurɓataccen mai sai a bakin titi. A farkon shekarar 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Beljiyam, kamfanin mai na ƙasa ya amsa haka da bakinsa, motoci da yawa suka lalace. Idan za a share ramin nan, a busa shi da iska. Wanda ya zura masa waya ya faɗaɗa shi, motarsa ta koma mashayiya har abada.

Mataki na huɗu: matsi

Idan wuta da iska da mai duk sun kuɓuta, saura matsi, kuma a nan ne kuɗi yake. Akwai ma'auni da ake ɗaurawa a ramin fulogi. Abin nema shi ne silindojin huɗu su yi kusa da juna, bambancinsu kada ya wuce kamar kashi 10 cikin 100. Wanda ya yi ƙasa, a zuba masa cokali guda na baƙin mai a sake aunawa. Idan matsi ya tashi, ringi ne ya cinye. Idan bai tashi ba, bawul ne ko gasket. Idan biyu maƙwabtan juna suka faɗi tare, galibi gasket ne ya ƙone a tsakaninsu. Kafin a yarda a sauke kan inji, a fara auna tazarar bawul, domin bawul da aka ɗaure da yawa ba ya rufewa sosai, gyaransa kuwa aikin rabin sa'a ne.

Motocin da ba su da kafireta

Motocin baya-bayan nan nozul ke fesa musu mai, kwamfuta ke lissafi. Tun daga 1996 a Amurka, da 2001 a Tarayyar Turai ga masu amfani da fetur, doka ta wajabta a sa musu kafar da ake jona na'urar bincike. Idan na'urar ta nuna P0301, tana nufin silinda na 1 yana fashin bugu. Amma ta faɗi wurin ne kawai, ba ta faɗi dalili ba, don haka tambayoyin nan uku na wuta da haɗi da matsi suna nan daram. A irin waɗannan motoci kuma gara a zare wayar nozul a maimakon ta fulogi, don kada a ƙona kayan lantarkinsu.

Kammalawa

Akwai wani magani da ya zama ruwan dare, watau a murɗa sukuru a ƙara silo har kakkarwa ta ɓuya. Wannan rufe tukunya ne da wuta a ƙarƙashinta. Silindan da ya mutu yana ci gaba da zuƙar fetur, ba ya ƙona shi. Wani ya fita ta salansa a banza, wani ya wanke baƙin man da ke jikin silinda ya gangara ya tsinka na ƙasa, a hankali ciwon fulogi ɗaya ya zama ciwon inji duka. A lokacin da mai ke da araha ana iya kawar da kai. Amma tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, har lita ta haura naira 1,000 a 2024, kowane ɗigo daga bakin iyali ake cire shi.

Ba na cewa kowane ma'aikaci ya zama bakanike. Abin da nake roƙo shi ne, idan aka ce maka ka sayo kaza, ka tambaya cikin ladabi: wane silinda ne, kuma da me aka gane? Bakanike na ƙwarai ba ya jin haushin wannan tambaya, zai ma ja ka ya nuna maka. Ku kuma ɗalibai, ku je gareji da littafi da alƙalami, ku rubuta kalmomin da kanikawa ke amfani da su da yadda suke bayyana kowace cuta, domin akwai ilmi mai yawa a bakinsu wanda har yanzu bai shiga takarda ba.