Yadda Labaran Laifi da Tashin Hankali Ke Sauya Tunanin Jama'a

Mafi yawan mutane ba su taɓa ganin kisan kai ko fashi da makami da idonsu ba. Abin da suka sani game da laifi, daga rediyo da talabijin da jarida da wayar hannu suke samunsa. Su kuwa kafofin yaɗa labarai zaɓe suke yi. Satar akuya da ƙananan damfara ba sa shiga kanun labarai, amma kisa ɗaya mai muni sai a yi kwana da kwanaki ana nanata shi. Ta haka abin da ke zama a zukatan jama'a yake bin yawan nanatawa fiye da yawan aukuwa.

George Gerbner na Jami'ar Pennsylvania a Amurka ya yi nazarin wannan a shekarun 1970. Ya gano cewa masu shafe awa huɗu ko fiye a gaban talabijin kullum sun fi sauran mutane ɗaukar duniya a matsayin wuri mai haɗari, sun kuma fi ƙin yarda da baƙo. A 1973 Amos Tversky da Daniel Kahneman suka bayyana wani ɓangare na dalilin: mutum yana auna yawan abu ne da saurin da misalinsa ke faɗo masa a rai. Alƙaluman Amurka sun nuna haka. Daga 1993 zuwa 2019 manyan laifukan tashin hankali sun ragu da kusan rabi, amma a mafi yawan waɗannan shekaru, akasarin waɗanda kamfanin Gallup ya tambaya cewa suke yi laifi ƙaruwa yake yi a ƙasar.

Tsoro ba ya tsayawa a zuci. Yana hana ɗan kasuwa bin wata hanya, ya sa uba ya cire ɗansa daga makarantar kwana, ya sa unguwa ta kafa 'yan sintiri. Idan ya haɗu da jita-jita, sai ya kai ga ɗaukar doka a hannu. A Indiya, tsakanin 2017 da 2018, saƙonnin WhatsApp kan masu satar yara sun sa gungun mutane sun kashe baƙi da dama waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, har kamfanin ya taƙaita tura saƙo ɗaya zuwa wurare biyar kacal.

Kalmomin da ake zaɓa ma suna da nasu nauyi. Idan aka laƙaba wa mai laifi sunan ƙabilarsa ko addininsa a kanun labari, laifin mutum ɗaya sai ya koma kan al'umma guda. Lokacin rikicin Barikin Ladi a Jihar Filato, a watan Yunin 2018, hotunan gawarwaki sun bazu a Facebook. Binciken BBC ya nuna wasu tsofaffin hotuna ne, wani bidiyon ma daga wata ƙasa ya fito, 'yan sandan jihar kuma sun ce hotunan sun taimaka wajen rura wutar ramuwar gayya.

Akwai kuma kwaikwayo. A birnin Biyana na Ostiriya, masu kashe kansu a layin jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa sun yawaita a tsakiyar shekarun 1980. Da jaridu suka amince a 1987 su daina zuzuta labarin da bayyana yadda aka yi, adadin ya faɗi warwas cikin 'yan watanni. Masu kai hari ma suna neman suna. Wanda ya kashe mutum 51 a masallatai biyu na Christchurch a New Zealand, ranar 15 ga Maris 2019, kai tsaye ya watsa ta'asarsa a Facebook, kamfanin kuma ya ce ya cire kwafin bidiyon miliyan 1.5 cikin awa 24. Firaministar ƙasar ta lokacin, Jacinda Ardern, ta ƙi ambaton sunansa don kada ya sami abin da yake nema.

Duk da haka, yin shiru ba magani ba ne. Da ba a yayata sace 'yan matan Chibok 276 a Afrilun 2014 ba, da gwamnati ba ta fuskanci matsin lambar da ta fuskanta ba. Ƙauyukan Zamfara da Katsina da yawa, rashin jin kukansu ne matsalarsu. Amma a 2022 hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin a Najeriya ta ci gidan talabijin na Trust tarar naira miliyan 5 kan shirinsa game da 'yan bindiga, tana cewa ya ɗaukaka ta'addanci, yayin da 'yan jarida da dama suka kira matakin toshe baki.

Abin da ke bambanta rahoto mai amfani da mai cutarwa shi ne tabbatar da labari kafin fitar da shi, faɗin wuri da lokaci da adadi daidai, sakaya hotunan gawa, da bin shari'ar har zuwa hukunci. Yanzu da kowane mai waya ke iya yaɗa labari, wannan nauyi yana kan mai tura saƙo kamar yadda yake kan edita.