Ɗakin Mota da Darajar Tsohon Gida a Amurka

A cikin shekarar 1947 kamfanin Levitt ya soma gina wani gari kusa da birnin New York, ana ce da shi Levittown. Kafin ƙarshen 1951 gidajen sun haura 17,000, ƙanana, kusan duk kamanninsu ɗaya. Na farkon ba su da gareji, watau ɗakin ajiye mota, amma an bar sarari a ƙarƙashin rufi don mai gida ya ƙara ɗakuna.

Haka kuwa aka yi. Da iyali suka yawaita, wani ya gina gareji, wani ya ta da bene, har ya zama yanzu da wuya a ga gidan da ba a taɓa ba.

To, ranar sayarwa ake gane wanda ya yi dabara. Mai saye yakan duba ko garejin zai ɗauki motar zamanin nan, da ko sabon ginin ya dace da tsohon, sa'an nan ya nemi takardar izinin hukuma. In babu ita, banki yakan ƙi ba shi rance, ciniki ya tsaya, wani lokaci ma sai an rushe ƙarin. Lalle wanda ya yi gini a ɓoye, ranar ciniki asirinsa ke tonuwa.